Tarihin Haƙƙin Ɗan Ƙwadago a Ƙananan Masana'antu: Misali Daga Illela

Gabatarwa

A duk lokacin da ɗalibai suka zauna tattauna tarihin ma'aikata a Nijeriya, abin da ya fi saurin zuwa bakinsu shi ne yajin aikin gama-gari na 1945, da harbin mahaƙan kwal a Inugu cikin 1949, da kuɗin Udoji. Waɗannan duka kuwa tarihin ma'aikacin gwamnati ne da na babban kamfani, watau mutumin da yake da lamba, da fayil, da ranar albashi. Akwai wani ma'aikacin da ya fi su yawa nesa ba kusa ba, amma ba kasafai akan ji labarinsa ba. Shi ne wanda ake ɗauka da safe, a sallame shi da yamma.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin sawun haƙƙin wannan bawan Allah tun daga zamanin da ba a san Bature ba har zuwa yau. Na ɗauki garinmu Illela ta Jihar Sakkwato a matsayin misali (ba Illelar Adar da ke Jamhuriyar Nijar ba), domin Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake son mai karatu ya gani shi ne, yawancin dokokin ƙwadago an ɗinka su ne a kan awon ma'aikacin ofis da na babban kamfani, shi ya sa rigar ba ta shiga wuyan ɗan ƙwadago. Amma duk da haka akwai 'yan wurare da doka ta san da zamansa, shi ne bai san da zamanta ba.

Wane Ne Ɗan Ƙwadago?

Illela tana arewa da birnin Sakkwato da tazarar kilomita tamanin da wani abu, tana fuskantar Birnin Ƙonni, iyaka ce kawai a tsakani. An fi saninta da kasuwar dabbobi da hatsi da albasa. To amma duk inda kasuwa ta bunƙasa, ƙananan masana'antu sukan tsiro a gefenta. Akwai masu buga bulo, da gidajen burodi, da masu ƙulla ruwan leda, da injinan niƙa da na matsar man gyaɗa, da masu walda, da kafintoci, da maƙera. Da wuya ka sami ɗaya daga cikinsu mai ma'aikata ashirin. Galibi maigida ne, da yaronsa amintacce guda, da 'yan koyo, sai kuma waɗanda akan kira in aiki ya taso.

Waɗannan na ƙarshe su nake nufi da 'yan ƙwadago. Iri biyu ne. Akwai ɗan aikin yini, wanda akan yanka masa kuɗi daga safe zuwa la'asar ko magariba. Akwai kuma ɗan jinga, wanda akan biya gwargwadon abin da hannunsa ya fitar, alal misali mai buga bulo da ake lissafa masa a kan kowane buhun siminti, ko mai kwaɓa fulawa da ake biya a kan buhu. Dukansu babu takarda tsakaninsu da maigida, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin gobe. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan bambanci na yini da jinga, domin za mu sake gamuwa da shi a gaban doka.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙwadago ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun asali akwai hanyoyi da yawa da mutum ke yi wa wani aiki. Akwai gandu, inda 'ya'ya da ƙanne ke aiki ƙarƙashin maigida. Akwai gayya, wadda ladanta fura ce da tuwo da kuma ramuwa in taka ta taso. Akwai barantaka, inda bara ke hidima, ubangida kuwa ya ɗauki cinsa da suturarsa, wani lokaci har aurensa. Akwai bauta, wadda a Daular Sakkwato ta ɗauki kaso mai yawa na aikin gona da na sana'a. A cikin bautar ma akwai murgu, watau bawa ya fita ya yi aikin kansa a kasuwa ko a marina, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka. Sa'an nan akwai ƙwadago tsantsa, na kuɗi hannu.

Me ke kare ɗan ƙwadago a wancan zamani? Abu uku ne. Na farko shari'a. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Risala da Muhtasar, suna da babin ijara, kuma sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san ladan, a san wa'adi, tun kafin a fara. Hadisin nan da ya yi umarni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba kuwa, har wanda bai yi karatu mai zurfi ba ya san shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa littafi sukutum, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman abin kai da darajar mai cin guminsa. Na biyu sarakunan sana'a. Sarkin Maƙera, da Sarkin Magina, da Sarkin Fawa, kowanne yana sasanta rigimar da ta taso a cikin sana'arsa, kuma ba shi da nisa, a bakin kasuwa yake. Na uku kunya. A garin da kowa ya san kowa, wanda ya ci haƙƙin lebura ya sha jin sunansa a bakin mutane.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin dā aljanna ne. Bawa ba shi da bakin ƙin aiki, bara kuma sai abin da ubangida ya ga dama. Abin lura kawai shi ne, kariyar da ke akwai, komai ƙanƙantarta, tana kusa da mai buƙatarta, kuma da harshen da yake ji aka yi ta.

Iyaka, Haraji da Aikin Tilas

A ƙarshen ƙarni na 19 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka raba ƙasar da ba su taka ba. Yarjejeniyar 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Cikin 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisa mai muni. Cikin watan Maris na 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi. Daga baya aka sake gyara iyakar cikin 1904 da 1906, aka kafa alamu, Ƙonni ta tabbata a hannun Faransa, yankin Illela kuwa ya zauna a gundumar Gwadabawa, ƙasar da Marafa Muhammadu Maiturare ya raya kafin ya zama Sarkin Musulmi cikin 1915. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aka wayi gari suna ƙarƙashin dokoki biyu.

Abubuwa uku suka haɗu suka cika kasuwar ƙwadago da mutane. Na ɗaya, mutuwar bauta sannu a hankali. Sanarwar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da yake ba a soke bautar ɗungum a Arewa ba sai 1936. Bayin da suka bar iyayengijinsu, da waɗanda ke neman kuɗin fansar kai, ba su da jari sai ƙarfinsu. Na biyu, haraji da tsabar kuɗin Bature. Manomin da gerons bai isa sayarwa ba dole ya fita neman sule. Na uku, aikin tilas. Da ƙarfin sarakuna aka tara leburorin da suka shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, haka kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. A ɓangaren Faransa abin ya fi tsanani, har ya sa ƙauyuka da dama suka tsallako kudu. Ba a soke aikin tilas a can ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny.

Daga nan cin rani ya zama al'ada. Wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya ba da rahoton ƙidayar da aka yi a kan hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa kimanin mutum 259,000 suna fita neman kuɗi, a cikinsu har da mutanen ƙasar Faransa masu ratsowa. Wasu gonakin koko na ƙasar Yarbawa suka nufa, wasu Kumasi, wasu Jos. Kakannin 'yan ƙwadagon yau ke nan.

Dokokin Zamanin Turawa

Dokokin ƙwadago na farko da Bature ya kawo, damuwarsu ita ce kada lebura ya gudu. Dokar ubangida da bara ta 1917 ta ba da damar a ci tarar ma'aikaci ko a ɗaure shi in ya bar aiki kafin wa'adi, alhali a Ingila kanta an daina ɗaure ma'aikaci a kan irin wannan tun 1875. Sai daga baya, bayan kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya cikin 1919 da kuma matsin lambar ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jiragen ruwa, aka fara yin dokokin da ke duban lafiyar ma'aikaci. Aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago cikin 1938, da dokar diyyar rauni cikin 1941, da kundin dokar ƙwadago cikin 1945, da dokar masana'antu cikin 1955.

To amma wa aka yi wa su? Dokar masana'antu ta wancan lokaci ba ta kiran wuri masana'anta sai yana da ma'aikata goma ko fiye. Maƙera da marina da majema na ƙasar Hausa, inda mafi yawan masu aikin hannu suke, duk suna waje. Su an bar su a hannun En'e da alƙali da al'ada. A nan ne hanya ta rabu biyu: ma'aikacin Bature yana da doka a rubuce da Ingilishi, ɗan ƙwadagon gari kuwa yana da abin da ya saura na al'ada, ita kuwa tana ta raguwa yayin da garuruwa ke cika da baƙi, sarakunan sana'a kuma ƙarfinsu na komawa ga tara haraji.

Bayan Mulkin Kai: Ƙofofi Uku

Bayan 1960 ma'aikata sun ci nasarori. An yi yajin aikin 1964 a kan rahoton Morgan, aka yi ƙarin Adebo cikin 1971, wanda ya sa leburorin masana'antun Kano suka yi bore har sai da aka biya su, aka yi na Udoji cikin 1975. Cikin 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin da ya haifar da dokar mafi ƙarancin albashi, naira 125 a wata. Amma in mutum ya karanta dokokin da idon ɗan ƙwadagon Illela, zai ga ƙofofi uku da aka rufe masa.

Ƙofa ta farko ita ce ta yawan ma'aikata. Dokar 1981 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 50 ba. An ɗaga kuɗin zuwa naira 18,000 cikin 2011, da 30,000 cikin 2019, da 70,000 cikin 2024. Dokar 2019 ta sauko da adadin ma'aikatan zuwa 25, amma gidan burodi nawa ne a Illela ke da mutum 25? Bugu da ƙari, dokar ta fitar da ɗan jinga, da ɗan kamasho, da mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da mai aikin da ke bin damina ko rani. Watau ko da gidan bulo ya tara mutum talatin, muddin a kan buhu ake biyansu, babu ruwansu da mafi ƙarancin albashi. Haka dokar fansho ta 2014 ta wajabta tanadi ne a kan mai ma'aikata 15 ko fiye. Ita ma ƙungiyar ƙwadago ba a yi mata rajista sai da sa hannun mutum 50.

Ƙofa ta biyu ita ce ta tsawon lokaci. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau ita ce uwa, ta ce a sashe na 7 dole maigida ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Niyyar mai kyau ce. Amma sai masu wayo suka mai da ita dabara: a sallami mutum kafin wata uku su cika, a sake ɗaukarsa bayan kwana biyu a matsayin sabo. Hutun shekara na kwana shida da biya kuwa sai wanda ya yi wata goma sha biyu a jere. Mutumin da ya shekara biyar yana zuwa gida ɗaya kullum safiya, a idon lissafi bai taɓa wuce kwana ɗaya ba. Wannan dabara ta yaɗu ƙwarai bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da manyan kamfanoni suka rage ma'aikatan dindindin, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka bi juna suna rufewa.

Ƙofa ta uku ita ce ta nisa. Tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwadago a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, saboda haka Majalisar Jihar Sakkwato ko Ƙaramar Hukumar Illela ba su da ikon yin tasu dokar. Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron shari'un ƙwadago ita kaɗai. Kotun da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago suna cikin birnin Sakkwato. Wanda aka hana kuɗin yini biyu, ina zai sami kuɗin mota da na lauya, ya kuma bar aikin ranar da zai ciyar da gidansa? Kuɗin bin haƙƙin ya fi haƙƙin yawa, sai ya bar wa Allah.

Inda Doka Ta San Da Shi

Duk da waɗannan ƙofofi, kuskure ne a ce ɗan ƙwadago ba shi da komai a doka. Dokar 1974 ta amince da yarjejeniyar baka kamar yadda ta amince da ta takarda. Ta ce a biya lada da kuɗin ƙasa, ba da kaya ba. Ta hana maigida yanke ladan ma'aikaci yadda ya ga dama da sunan tara. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye yana da haƙƙin hutun da jimlarsa ta kai awa ɗaya. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. Ta kuma hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta.

Dokar masana'antu ta 1987 ta jefar da sharaɗin mutum goma, ta ce ko mutum ɗaya ke aiki a wurin, masana'anta ce. Ma'anar wannan ita ce, injin niƙan unguwarmu ma wajibi ne a killace bel ɗinsa da duk wani ƙarfe mai juyawa, a ajiye akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha, a ba mai walda abin kare ido.

Mafi muhimmanci ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ita ce ta ambaci ɗan ƙwadago da sunansa, domin ta ce ma'aikaci ya haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da ɗan aikin yini, ko da takarda ko da baka, ko a babban kamfani ko a ƙaramar sana'a. Maigida zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar ladan da yake biya a asusun hukumar NSITF, ita kuwa ta biya magani da diyya in an ji rauni ko an rasa rai. Wanda ya ji rauni zai sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda.

A wani hutu da na yi a gida na zauna da masu buga bulo da 'yan gidan burodi ina tambayarsu ko sun taɓa jin wannan doka. Ban sami wanda ya ji ba, har da masu gidan. Na kuma san wani saurayi da bel ɗin injin niƙa ya cinye wa yatsu uku. Maigidansa ya kai shi asibiti, ya biya ɗinki, ya ba shi ɗan abin sayen goro, mutane suka yaba masa da kirki. Kirkin ne kuwa, amma daga nan maganar ta ƙare, saurayin ya koma ƙauye da hannun da ba ya riƙe fartanya. Abin da doka ta mai da haƙƙi, mu har yanzu alfarma muke ɗaukarsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada kuma a zaci sai a ƙananan wurare ake wannan. Cikin 2020, lokacin kullen annobar korona, 'yan sanda sun kuɓutar da leburori fiye da ɗari da aka kulle watanni a wani kamfanin casar shinkafa a Challawa ta Kano. In haka ta faru a birnin da ofishin ƙwadago yake, ina ga bakin iyaka?

Ɗan Ƙwadagon Tsallake

Akwai wani rukuni da halinsu ya fi na kowa rauni, su ne 'yan'uwanmu da ke tsallakowa daga Ƙonni da Tsarnawa da ƙasar Adar. A can ma akwai doka. Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka kundin ƙwadago cikin 1952, Nijar ta sabunta nata cikin 2012, kuma daga baya mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42,000, watau jika arba'in da biyu a lissafin mutanen can. Amma kamar namu, wanda ya fi cin moriyarsa shi ne ma'aikacin wuri irin kamfanin siminti na Malbaza, kamar yadda a nan ma'aikacin kamfanin siminti na Kalambaina ya fi mai buga bulo da simintin sanin hanyar ofishin ƙwadago. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Duk da haka, siyasa takan rufe hanyar cikinsa dare ɗaya. An kori baƙi daga Nijeriya cikin 1983. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, Illela tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa. Aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren cikin Maris 2024, sa'an nan Nijar ta fice daga ECOWAS cikin Janairu 2025. Kowace rufewa, kasuwa takan yi sanyi, gini ya tsaya, wanda aka fara cewa ya zauna gida kuwa shi ne ɗan aikin yini. Baƙon da ke tsoron a tambaye shi takarda kuma ba zai kai ƙarar kowa ba, ko da Dokar Ƙwadago ba ta ce sai ɗan ƙasa za a biya ladansa ba.

Kammalawa

Mun ga yadda ɗan ƙwadago ya fito daga inuwar ubangida da sarkin sana'a, bai kuwa isa inuwar doka ba, yana tsaye a rana tsakanin biyun. Ba na ganin masu ƙananan masana'antu a matsayin azzalumai gaba ɗaya. Da yawansu jiya-jiya suka bar ƙwadago, kuma tsadar man inji da rashin wutar lantarki sun ishe su. Gyaran da zai yi aiki sai ya zama wanda su ma za su iya ɗauka.

A ganina abu huɗu za su taimaka. Na farko, majalisa ta sake duba sharaɗin mutum 25 da fitar da ɗan jinga, a yanka mafi ƙarancin lada na yini da na awa. Na biyu, jami'in ƙwadago ya riƙa zama a Illela ko da ranar kasuwa ce kawai, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Na uku, ƙungiyoyin masu bulo da masu burodi da masu walda, waɗanda su ne magadan sarakunan sana'a a yau, su ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta sunan lebura da ranar da ya fara da abin da aka yi jinga, da boko ko da ajami, su kuma yi rajistar diyya a ƙungiyance. Wannan bai saɓa wa al'ada ba, sharaɗin ijara ne aka sa a takarda.

Na huɗu namu ne, mu ɗaliban Hausa. Dokokin nan duka da Ingilishin lauyoyi suke. Sassan da suka shafi ɗan ƙwadago ba su fi a fassara su a 'yan shafuka ba, a karanta a rediyo, a liƙa a tasha da bakin kasuwa. In ƙungiyarmu ta ɗauki wannan aiki a hutu mai zuwa, ta yi wa harshen hidima, ta kuma yi wa masu shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.